Ɗan kifin da ke nuna wa masana sirrin laka

Kusan dukanmu mun san wani abokin kasuwa da hatsarin kabu-kabu ya taɓa masa lakar baya, ƙafafu suka mutu. Lakar mutum in ta tsinke ba ta haɗewa. Amma akwai wani ɗan kifin ƙoramun Indiya, zebrafish, bai kai tsawon yatsa ba, tasa kan warke cikin mako 6 zuwa 8.

Ƙwansa garau yake kamar gilashi, don haka masana ke kallon yadda lakar ke tsirowa. Da fari ƙwayoyinta kusan iri guda ne. Sai wani sinadari mai suna Sonic hedgehog ya riƙa tasowa daga ɓangaren ciki, kamar hayaƙin mai tsire: na kusa su sha da yawa, na nesa kaɗan. Daga na ɓangaren cikin ake samun ƙwayoyin jijiya masu motsa tsoka, irin waɗanda shan inna ke kashe wa yara. Na can wajen baya kuwa, labarin taɓi suke kaiwa. Awa 17 kacal da haɗuwar ƙwai, tayin ya fara motsi.

A 2016, a jami'ar Duke ta Amurka, an gano sinadarin CTGF da ke taimaka wa kifin ɗinke tsinkakkiyar laka. Ga mutum dai har yanzu babu maganin, komai rantsuwar masu tallar ƙulli a bakin tasha.