Kafin Ku Kira Masu Haƙa Rijiyar Burtsatse

Da zarar bazara ta kama, rijiyoyin gidaje sai su fara ƙafewa, mata da yara su dinga sammako da jarka suna bin layi. A lokacin ne magidanta da dattawan ikkilisiya kan fara shawarar haƙa rijiyar burtsatse. Tambayar farko kullum ita ce, nawa za ta ci? Mu kuwa muna ganin a fara tambayar wace irin ƙasa ake zaune a kai.

A Zariya, Kaduna, Kafanchan da Jos, dutse ne a ƙarƙashinmu. Ruwan yana kwance ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsattsage, galibi tsakanin mita 30 zuwa 60. Idan aka wuce nan aka tarar da dutse mai rai wanda ba shi da tsaga, ƙara zurfi ƙarin kuɗi ne kawai. Shi ya sa maƙwabci kan sami ruwa, kai kuma da ke bayan katangarsa ka tashi a tutar babu. Maiduguri daban take. Can yashi ne da yumɓu, ruwan kuma hawa uku ne, na ƙasa ya zarce mita 500.

Kada mai haƙa ya ruɗe ku da tsartuwar ruwa a ranar da aka gama aiki. Ku sa a ja ruwan na sa'o'i da yawa, a auna. Rijiyar da ke ba da lita 15 a minti ɗaya za ta cika jarka 36 masu cin lita 25 cikin sa'a guda. Wannan ya ishi famfon tuƙa-tuƙa da gidaje da dama. Amma in aka zura mata babban injin, sai ta ƙafe, injin ya ƙone.

Kuɗin kuwa da mita ake lissafa shi, ga na masu auna ƙasa, dizal, bututu, tsakuwa, siminti da famfo. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk sun yi tashin gwauron zabi. A nan ne jarraba take. Mai son araha yakan soke awon ƙasa, ko ya yarda da bututu marar ƙwari. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi wanda zai ɗauki asara idan ba a sami ruwa ba, musamman in kuɗin baiko ne ko gudummawar zumuntar mata.

Sai maganar lafiya. A nisanta rijiya da masai kamar mita 30, a dafe bakinta da siminti, domin ta nan kwalara ke shiga gida. A wuraren Langtang da Kaltungo kuma a kai ruwan gwaji tukuna, saboda akwai sinadarin fulorayid mai yawa da ke rina haƙoran yara.