Baƙon Damina Mai Dogon Wutsiya

Uwargida, idan ruwan sama ya zauna a watan Yuni, akwai wani baƙo da ke sauka a lambunan mangwaro na Karaye da Rogo, da itatuwan bakin rafi wajen madatsar ruwa ta Challawa. Tsuntsu ne da masana ke kira Terpsiphone viridis, sana'arsa cafke ƙwari a iska. Daga kudu yake biyo ruwa, ya yi ƙwai a nan, idan kaka ta yi ya koma.

Gane shi ba wuya. Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bakinsa shuɗi, idonsa kewaye da shuɗi kamar an ranbaɗa masa kwalli. Bayansa ja ne irin na jan ƙasa. Tsawonsa kimanin santimita 17, amma namijin na da gashin wutsiya biyu da kan ninka wannan tsawon. Wani namijin kuma bayansa da wutsiyarsa farare ne fat, har ki rantse wani tsuntsu ne dabam. Macen ba ta da wannan ado.

Yara kan ce zalaiɗu ne. A'a. Zalaiɗu tsaba yake tsinta a fili, wutsiyarsa baƙa. Wannan kuwa cikin inuwa yake zama a kan reshe, ya zabura ya cafke ƙuda ko malam-buɗe-littafi, ya dawo. Ki fita da yara da hantsi, ku tsaya shiru gindin tsamiya ko mangwaro. Motsin wutsiyar za ku fara gani.

Sheƙarsa 'yar ƙarama ce kamar kofin shayi, da tsinkaye da saƙar gizo, ƙwai 2 ko 3. Namiji da mace ke karɓa-karɓar kwanci kusan mako biyu (iyayen gida, a ji da kyau). Matsalar ita ce sau da yawa sheƙar ba ta da nisa da ƙasa, hannun yaro ko danƙonsa na kaiwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗaukar 'ya'yan wata tsuntsuwa, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata. A ganina, yaron da uwa ta nuna wa sheƙa da kanta, suka ƙirga ƙwan daga nesa, da wuya ya jefe ta.

Sai kuma masu gawayi. Duk kurmin da aka sare, baƙon nan ba ya sauka cikinsa baɗi, don ba ya sheƙa a gonar da ba inuwa.