Masu zane sun koyi harshen na'ura

Dogon jerin alƙaluma kan gajiyar da ido, ko da na ma'aikacin gwamnati ne. Shi ya sa wasu masu zane suka ɗauki aniyar mai da lissafi hoto.

A shekarar 2001, a makarantar MIT ta ƙasar Amurka, Casey Reas da Ben Fry suka ƙago Processing, harshen umartar na'ura mai ƙwaƙwalwa, kyauta domin masu zane. Ɗalibi kan rubuta umarni layi guda, sai da'ira ta bayyana. Sannu a hankali yakan koyi ɗaura girmanta ko launinta ga wata lamba.

Da wannan harshe ne Aaron Koblin, ɗalibi a jami'ar UCLA, ya zana zirga-zirgar jiragen saman Amurka ta kwana guda, wajen 2005. Bai shata iyaka ba. Sawun jiragen kaɗai ya fitar da siffar ƙasar.

Sai dai aikin amana ne. In lamba ta ninku sau 2, mai zane ya ninka faɗin da'ira haka nan, filinta zai ninku sau 4, ido kuwa ya ruɗu. Saboda haka sanin ma'auni na gaba da zaɓen launi.