Taskokin Ilmi da Al'adu na Jami'ar Bayero da Amfaninsu ga Ɗalibi da Ma'aikaci



Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa jami'a ba ɗakin lacca kaɗai ba ce. Abin da malami yake faɗa a cikin aji ɗan tsakure ne kawai, sauran ilmin kuwa yana ajiye a wasu taskoki waɗanda sai ɗalibi ya taka da ƙafarsa ya same su. Za mu ɗauki Jami'ar Bayero ta Kano mu yi misali da ita, domin ita ce ke kusa da mutanen Kumbotso da kewayenta.

Da farko ya kamata a san asalin gidan. An fara wannan makaranta a shekarar 1960 a cikin harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka mai da sunanta Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen waccan jami'a. A 1977 ne ta tsaya da ƙafarta, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Wannan asali shi ya sa ƙarfinta na farko ya kasance a fannin Larabci, da addinin Musulunci, da tarihi, da kuma Hausa.

Taska ta farko ita ce laburare. Ɗalibai da yawa sun ɗauke shi wurin fakewa ne idan jarrabawa ta ƙarato, alhali kuwa a cikinsa akwai sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, watau irin littattafan da malaman zaure suka yi ta kwafa da alƙalami da tawada. Akwai kuma kundayen digiri da ɗaliban baya suka rubuta a kan garuruwansu, da sana'o'insu, da mawaƙansu. Wanda ya fara bincike bai duba waɗannan kundaye ba, sau da yawa maimaita aikin wani yake yi bai sani ba.

Taska ta biyu ita ce Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda aka kafa a 1969. Ita ce ta riƙa fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, inda masana suka yi ta tattauna nahawu, da ƙa'idojin rubutu, da adabi. Daga cikinta ne aka sami Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka jagoranta. A 2006 kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero. Bambancinsa da ƙamusun Bargery na 1934 shi ne, wannan yana fassara Hausa da Hausa ne. Lalle ne duk ma'aikacin da yake fassara sanarwar gwamnati ko labarun rediyo ya san da wannan aiki, domin fassarar da aka yi da ka takan ɓatar da talaka maimakon ta haskaka masa.

Taska ta uku tana wajen harabar jami'a, amma tata ce. Ita ce Gidan Mambayya da ke Gwammaja, watau gidan Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983. An mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ɗalibin siyasa da ya shiga ya ga irin ɗakin da Malam ya zauna a ciki, zai fahimci aƙidar NEPU da PRP fiye da yadda zai same ta a takardar lacca. Haka nan kuma birnin Kano kansa ya tanadi Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hans Vischer ya zauna. Wanda bincikensa ya yi zurfi sai ya wuce Kaduna, zuwa Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa.

To, mene ne haɗin wannan duka da mutumin Kumbotso? Haɗin yana da ƙarfi. Masana'antun Sharada da Challawa da Bompai sun tara dubban ma'aikata a masaƙu da majemu da kamfanonin robobi. Waɗannan mutane sun ƙirƙiri kalmomi na aikinsu, da zaurance, da waƙoƙin ƙwadago. Yanzu masaƙu da dama sun rufe, tsofaffin ma'aikatansu kuma suna ta raguwa. Idan ba a je an ɗauki maganarsu an rubuta ba, wani babi na tarihin Kano zai tafi tare da su. Har ila yau, ruwan da majemu ke zubarwa yana gangarawa Kogin Challawa, wanda manoma da masunta suka dogara da shi. Auna wannan ruwa aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne, bayyana sakamakon ga manomi da harshen da zai gane kuwa aikin masanin Hausa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka shawarata guda uku ce. Ɗalibi ya ware wa laburare rana ɗaya a mako tun daga shekararsa ta farko. Ya zaɓi batun kundinsa daga abin da ke unguwarsu, kamar Panshekara ko Sharada, domin nan ne zai kawo abin da babu shi a taskar. Ma'aikaci kuma, kafin ya rubuta rahoto a kan ƙasa ko ruwa ko masana'anta, ya nemi abin da jami'a ta riga ta bincika a kai.

Magabata sun tara mana waɗannan abubuwa da wahala. Haƙƙinsu a kanmu shi ne mu yi amfani da su, sa'an nan mu ƙara namu a kai don na baya.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.