Coree: al'ummar da ta ɓace, ta bar sunanta a kan ruwa

Wanda ya duba taswirar Amurka, ya kai idonsa ga gaɓar tekun Atlantika a jihar Karolina ta Arewa, zai ga wani siririn ruwa da ake kira Core Sound, da wasu dogayen tsibiran rairayi masu suna Core Banks da suka raba shi da babban teku. Wannan suna na wata al'umma ce ta ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa Indiyawa bisa kuskure. Su ne Coree, ana faɗin sunan kamar Kori, kuma tsofaffin takardu na kiransu Coranine.

Mutanen ruwa ne. Mazauninsu yana kudu da kogin Neuse, ya miƙa har zuwa Cape Lookout, ƙasa ce ta fadama da rairayi da ƙananan mashigai. Kamar maƙwabtansu na gaɓa, suna sassaƙa kwalekwale daga gungumen itace guda, su ƙona cikinsa da wuta su kankare, suna kafa shingen kara a ruwa don kifi ya shiga ya kasa fita. Suna noman masara da wake da kabewa, suna farautar barewa da agwagin ruwa, suna kwana a bukkokin sanduna da aka lulluɓe da ɓawon itace. Kawa kuwa sun ci ta har ɓawonta ya taru ya zama tudu a tsibirin Harkers, tudun da mutanen baya suka kwashe don gyaran hanya. Garin Beaufort na yau, wanda aka shata a 1713, ya tsaya ne a ƙasarsu, kuma da farko Garin Kifi ake ce masa.

Tun kafin Turawan Ingila su yi yawa a wurin, Coree sun riga sun raunana. John Archdale, wanda ya yi gwamnan Karolina wajen 1695, ya ambata cewa wata ƙabila maƙwabciya ta karkashe yawancinsu. John Lawson, ma'aunin filaye da ya zaga ƙasar daga 1700, ya kuma buga littafin tafiyarsa a Landan a 1709, ya kawo wani labari mai ban tausayi. Coree da Machapunga sun daɗe suna gaba, suka yi sulhu, Coree suka shirya biki suka gayyaci tsofaffin abokan gabarsu. Baƙin suka zo da gatura ɓoye ƙarƙashin mayafansu, aka ci aka sha, aka shiga rawa, sai sarkin Machapunga ya ba da alama, suka afka wa masu masaukinsu. Waɗanda ba a kashe ba aka kama, aka sayar wa Turawa. A lissafin Lawson, ƙauyuka 2 kaɗai suka rage musu, Coranine da Raruta, da mayaƙa 25. Kowa ya san abin da mayaƙa 25 ke nufi: al'ummar da taron suna guda zai iya ɗauke ta.

Duk da haka wannan ƴar ƙaramar al'umma ta shiga tsakiyar yaƙi mafi muni da aka yi a Karolina ta Arewa zamanin mulkin mallaka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ƙwace filaye, ha'incin ƴan kasuwa, da satar mata da yara don sayarwa bayi. A 1710 Tuskarora, babbar ƙabilar yankin, sun aika wakilai har Pensilvaniya suna neman wurin da za su zauna lafiya. A wannan shekara ce kuma Christoph von Graffenried ya sauke ɗaruruwan baƙi daga Suwizalan da Jamus a bakin Neuse, ya kafa garin New Bern a kan wani ƙauyen ƴan ƙasa.

A watan Satumba na 1711, Lawson da Graffenried suka hau kogin cikin kwalekwale, aka kama su, aka kai su Catechna, garin sarki Hancock na Tuskarora. Majalisa ta zauna, ta yanke a sake su. Kafin su tashi sai Lawson ya yi cacar baki da wani shugaban Coree da Turawa ke kira Cor Tom, aka sake zama, aka sauya hukunci. Graffenried ya tsira, Lawson aka kashe shi. Mu lura fa, labarin daga bakin Graffenried kaɗai ya iso mana, kuma mutum ne da ke da bukatar wanke kansa. Ranar 22 ga Satumba, da asuba, Tuskarora da Coree da sauran ƙawayensu, har da Machapunga ɗin jiya, suka faɗa wa gonakin Turawa a bakin Neuse da Pamlico, suka kashe mutum wajen 130.

Ramuwa ta zo daga Karolina ta Kudu. A 1712 John Barnwell ya iso da Turawa ƙalilan da ɗaruruwan mayaƙa ƴan ƙasa, cikinsu da Yamasee. Bayan ya ƙulla sulhu da Hancock, mutanensa suka yaudari wasu kusa da ƙauyen Coree, suka kame su suka tafi da su kasuwar bayi. Karo na biyu ke nan da aka ci Coree da sunan sulhu. A watan Maris na 1713 James Moore ya rushe ganuwar Neoheroka, inda aka kashe ko aka kama mutum kusan 950. Tuskarora da yawa suka yi hijira arewa, suka shiga ƙawancen Irokwa wajen 1722. Coree ba su da inda za su, sai suka faɗa cikin fadamu suna kai hari jefi-jefi, har aka yi yarjejeniyar Fabrairu 1715, aka tsugunar da ragowarsu tare da Machapunga a bakin tafkin Mattamuskeet. Wannan fili ma an sayar da shi guntu-guntu, zuwa 1761 ya fita hannunsu, mutanen suka saje da maƙwabta ta hanyar auratayya.

Saura harshensu. Lawson ya tattara kalmomin Tuskarora da Pamlico da Woccon, amma bai rubuta na Coree ba, babu kuma wanda ya rubuta bayansa. Shi ya sa masana suka rarrabu: wasu na jingina shi ga dangin Algonkin na gaɓa, wasu ga dangin Irokwa saboda ƙawancensu da Tuskarora, wasu kuma na ganin harshe ne mai zaman kansa. Abin da kowa ke juyawa shi ne wata magana da Lawson ya yi a kan hanya. Ya ce ya taɓa haɗuwa da wata budurwa da aka kamo daga bayan duwatsun yamma, ɗaruruwan kilomita daga teku, aka sayar da ita baiwa a Virjiniya, kuma harshenta ɗaya ne da na mutanen Cape Lookout, in ban da ƴan kalmomi kaɗan. Bai rubuta sunanta ba, bai kuma faɗi ƙabilarta ba.