Tsofaffin Motoci Masu Tsadar Gaske: Kuɗi Ko Tarihi, Wanne Ya Fi?

A unguwanninmu, idan mota ta tsufa sunanta akwala. Ana jingine ta a bakin gareji, kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta, daga ƙarshe 'yan gwangwan su zo su saye ta a kilo. Shi ya sa muka yi mamaki da muka ji cewa mota mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo, a 1955 aka ƙera ta, tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To me ke sa tsohon ƙarfe ya fi sabon jirgin sama tsada? Bari mu duba wasu daga cikinsu.

Motar ita ce Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut Coupé. A watan Mayun 2022 aka yi gwanjonta a gidan tarihin kamfanin da ke Stuttgart a Jamus, wani attajiri ya saye ta kan yuro miliyan 135. Guda biyu kacal aka ƙera, kuma sunan injiniyan kamfanin, Rudolf Uhlenhaut, aka ba su. An shirya ta ne don tsere, amma ba ta taɓa shiga ba. A shekarar da aka ƙera ta, wata motar tseren Mercedes ta faɗa cikin 'yan kallo a gasar Le Mans ta Faransa, mutum sama da 80 suka mutu, kamfanin kuma ya janye daga tsere a ƙarshen shekarar. Sai Uhlenhaut ya riƙa hawan ɗaya a matsayin motar zuwa aiki. Kamfanin ya ce kuɗin da aka samu za su tafi ga asusun tallafin karatu na matasa masu nazarin muhalli.

Ta biyu ita ce Ferrari 250 GTO ta Italiya. Guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kowace a kan kusan dala 18,000 a Amurka, kuma kuɗi kaɗai ba su isa ba, sai mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya yarda da kai. Ita kam ta yi tsere, ta kuma ciyo wa kamfanin kambun duniya na ajinta shekara uku a jere. A 2018 an sayar da guda ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 48.4.

Labarin Bugatti Royale ya sha bamban. Ettore Bugatti ya ƙera ta a Faransa daga ƙarshen shekarun 1920 domin sarakunan Turai. Tsawonta ya haura mita shida, injinta kuma lita 12.7 ne, wato ya ninka na ƙananan motocin da muke gani a titi sau shida ko fiye. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Babu sarki ko ɗaya da ya saya, uku kawai aka iya sayarwa. Da asara ta yi yawa, Bugatti ya ɗauki irin injin ya sa wa jiragen ƙasa na Faransa. Yau guda shida ne a duniya, kuma a 1987 an sayar da ɗaya a Landan kan fam miliyan 5.5.

Idan muka jera ukun nan, za mu ga abin da masu saye ke bi. Na farko ƙarancin abu: biyu, shida, 36. Na biyu labarin motar, wa ya ƙera ta, wa ya tuƙa ta, wace gasa ta ci. Na uku asali: shin injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta? Akwai takardun da ke nuna hannun da ta bi tun daga farko? Mota mai cikakkun takardu da kayanta na asali takan fi 'yar'uwarta da aka yi wa kwaskwarima daraja nesa ba kusa ba.

Amma tsada ba ita ce ma'aunin tasiri ba. Ku ɗauki Ford Model T ta Amurka. Daga 1908 zuwa 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Henry Ford ya tsara aiki ta yadda mota ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana ɗaura abu guda, sai farashi ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da 300. Manomi da malamin makaranta suka iya mallakar mota. Wannan ya sauya rayuwar jama'a fiye da duk motocin da muka ambata a sama, amma saboda yawanta, kuɗin Ferrari guda zai sayi Model T fiye da dubu.

Haka kuma mota mai ƙafa uku da Carl Benz ya yi wa rajista a 1886. Mutane ba su yarda da ita ba sai da matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yanta biyu a 1888, ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai, tana sayen mai a kemis a hanya. Kowace mota da ke titi yau jikar wannan ce.

A nan gida ma muna da misali. A gidan kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, akwai baƙar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsasai a jikinta har yau. Irinta da yawa aka ƙera, don haka a kasuwa ba wata mai tsada ba ce. Amma wane ɗan Najeriya ne zai yarda a kai ta gwanjo?

Wannan ne ya sa muke ganin tambaya biyu ce daban: nawa abu zai yi a kasuwa, da kuma me zai faɗa wa na baya. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda ta yi jigilar iyayenmu da kakanninmu daga tasha zuwa tasha, tana ƙarewa a hannun masu sayen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai irinta a gidanku, ko tsohon keke, ko rediyon kaka, ku zauna da dattijon da ya san labarinsa. Ku tambaye shi yaushe aka saya, nawa aka saya, ina da ina aka je da shi. Ku rubuta a littafi, ku ɗauki hoto, ku adana rasit ɗin idan yana nan.