Abin da ya kamata ku sani game da magungunan ƙara ƙwanji da kuzari

Da an tashi daga aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ba kowane matashi ne ke wucewa gida ba. Wani filin ƙwallo zai nufa, wani wurin ɗaga ƙarfe, inda ake cika gwangwanaye da siminti a soka musu rodi, wani kuma gidan dambe. A irin waɗannan wurare ake yawan jin ana cewa, “Oga, me kake sha ne ƙirjinka ya buɗe haka?” Amsar takan zama sunan wata hoda ko ƙwaya ko allura. Kafin ma'aikaci ya zuba guminsa na wata guda a kan irin waɗannan kaya, ya kamata ya san me ke cikinsu, wanne ke aiki, wanne ne asarar kuɗi, wanne kuma ke kai mutum asibiti.

Ba duka ne abu ɗaya ba

Abin da ake haɗawa a kira “maganin ƙarfi” iri uku ne. Na farko ƙarin abinci ne, kamar hodar furotin da kiriyatin. Na biyu masu wartsakarwa ne, wato lemukan kuzari na gwangwani da hodar da ake sha kafin atisaye, da goro da gahawa. Na uku magunguna ne na asibiti da aka karkatar da su, kamar tiramol da allurar sitiroyid da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira “sha ka fashe”. Rukuni na farko da na biyu suna da wurinsu idan an san ƙa'ida. Na uku ba shi da wuri a jakar ɗan wasa ko kaɗan.

Hodar furotin: abinci ce, ba sihiri ba

Furotin shi ne tubalin da jiki ke gyara tsoka da shi bayan ta wahala. Yawancin hodar da ake shigowa da ita daga ruwan madara ake tace ta, wanda ke saura bayan an yi cuku. Cokalin da ke cikin robarta yakan ɗauki giram 20 zuwa 25 na furotin.

Masana abincin 'yan wasa sun ce mai atisaye sosai yana buƙatar giram 1.4 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Saurayi mai kilo 65 ke nan yana neman tsakanin giram 90 da 130. Ku duba abin da ke bakin ƙofar kamfani. Ƙwai ɗaya a wurin mai shayi yana da kamar giram 6, ƙwai uku giram 18 ke nan. Kofi guda na dafaffen wake ya kusa giram 14. Kofin nono yana da wajen 8. Cikin tafin hannu na gyaɗa yana da 7. Giram 100 na dafaffen nama ko kifi ya haura 20. Ga awara, ga ƙuliƙuli wanda an matse mansa furotin ɗinsa ya ƙara yawa, ga ɗanwake da ƙosai. Busasshen waken suya da ake jibgewa a kasuwar Dawanau fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa furotin ne. Wanda ya rarraba waɗannan a abincinsa na safe da rana da dare ya cimma abin da hodar za ta ba shi, da kuɗi kaɗan.

Hoda tana taimakon wanda ba ya samun sukunin cin abinci, misali mai aikin dare. Amma wanda ya rage kuɗin cefane don ya saye ta ya yi baya ba zani. Kuma duk mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai likita ya yarje masa.

Kiriyatin: wanda bincike ya fi tabbatarwa

Kiriyatin sinadari ne da jiki ke haɗa kusan giram ɗaya nasa kullum, ana kuma samun sa a nama da kifi. Aikinsa shi ne mayar wa tsoka da ƙarfi cikin gaggawa a lokacin yunƙuri na 'yan daƙiƙoƙi, kamar ɗaga nauyi ko gudun fanfalaƙi a bayan ƙwallo. Ya shahara ne bayan wasannin Olamfik na Basalona a 1992. A 2018 masanan da kwamitin Olamfik na duniya ya tara sun sa shi cikin 'yan tsirarun abubuwan da ke da hujja mai ƙarfi, tare da kafeyin.

Giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar, ƙari a kan haka fitsari ne zai fitar. A makonnin farko nauyi kan ƙaru da kilo ɗaya ko biyu, amma ruwa ne tsoka ta riƙe, ba sabon nama ba ne. Kuma ba ya gina komai a jikin wanda ba ya atisaye.

Kafeyin da lemukan kuzari

Kafeyin yana rage jin gajiya, yana ƙara kaifin hankali. Shi ne a cikin goro da shayi da gahawa. Babban mutum lafiyayye bai kamata ya wuce miligiram 400 a yini ba. Ƙaramin gwangwanin lemon kuzari yakan ɗauki kamar 80, wasu hodojin kafin atisaye kuma cokali ɗaya kan kai 200 ko fiye. Wanda ya ci goro da safe, ya sha gwangwani biyu a bakin inji, ya ƙara da hoda da yamma, zai iya tsallake iyaka bai sani ba. Alamun hakan su ne bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci.

Kafeyin yana daɗewa a jini, bayan awa biyar rabinsa na nan. Idan aka sha da magariba, barcin dare ya tafi, alhali a cikin barci ne tsoka ke warkewa ta girma. Shi kuwa gadagi da ake dafawa a bakin titi, matsalarsa mai sha ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba a tukunyar, ko yawansa.

Waɗanda ya kamata a guje musu

Tiramol maganin ciwo ne mai sa jaraba. Ba ya ƙara ƙarfi, jin zafi kawai yake kashewa, sai mutum ya ci gaba da azabtar da gaɓar da ta riga ta ji rauni. Yawansa yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024. Mutanen Kano ba baƙi ba ne ga irin wannan bala'i, sun ga abin da kodin ya yi wa matasa kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018.

Sitiroyid na gina tsoka yana kumbura jiki da sauri, amma yana sa jiki ya daina samar da sinadarin mazakuta na kansa. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani nono ya fito masa, jini ya hau, hanta da zuciya su wahala. Ga haɗarin yin tarayya a sirinji ɗaya, wanda ke yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

“Sha ka fashe” kuwa sau da yawa deksametason ne da maganin buɗe ciki. Fuska ta cika, tumbi ya fito, amma tsokar hannu da cinya raguwa take yi, ga barazanar ciwon sukari da raunin ƙashi.

Abin da ba a rubuta a jikin roba ba

Wani bincike da aka yi a birnin Kolon na Jamus a farkon shekarun 2000, da tallafin kwamitin Olamfik, ya gwada kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe 13. An samu 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin ɗari, da sinadaran da aka haramta waɗanda ba a ambata a takardarsu ba. Wannan ya shafi duk yaron da ke burin taka leda a Kano Pillars ko ya wakilci Najeriya, domin a dokar wasanni abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. A gasar Kwamanwel ta Gilasgo a 2014 an ƙwace zinaren Chika Amalaha, mai ɗaga nauyi 'yar shekara 16, saboda magungunan sa fitsari da aka gano a jikinta.

Don haka a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da hatimin murfi. Kada a sayi hodar da aka ɗebo daga babbar roba aka ƙulla a leda, kada kuma a karɓi ƙwayar da aka ciro daga kwalinta.

Jikin ma'aikaci ba irin na kowa ba ne

Wanda ya wuni yana jan fatu a majemar Challawa, ko yana tsaye gaban injin narka roba a Sharaɗa, ko yana lodin buhuna a Bompai, ya riga ya yi rabin atisayensa kafin ya isa fili. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, gumi yana kwashe ruwa da gishirin jiki. Babbar buƙatarsa ruwa ce. A duba fitsari, idan ya yi ja kamar shayi, jiki ya bushe. Bayan gumi mai yawa, haɗin gishiri da sukari yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A kiyayi haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diklofenak kullum a kan ƙishirwa, domin haɗuwar biyun tana cutar da ƙoda, wankin ƙoda kuwa ya fi ƙarfin albashin lebura.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara da cin abinci sau uku mai wake ko ƙwai ko nono, barcin awa bakwai zuwa takwas, ruwa isasshe, da atisayen da ake ƙara nauyinsa sannu a hankali tare da ranakun hutu. Wanda ya riƙe waɗannan wata uku zai ga canji da idonsa. Idan bayan haka yana son ƙari, ya nemi shawarar likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, musamman in yana da hawan jini ko bai kai shekara 18 ba. Jikin nan shi ne jarin ma'aikaci, da shi yake ciyar da iyaye da ƙanne, kuma zai buƙace shi shekaru masu yawa nan gaba.